HAKKIN ƊALIBI MATALAUCI A CIKIN DUKIYAR AL'UMMA

Nasiha zuwa ga jama'ar Filinge da ƙasar Kurfai

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ɗaukaka ɗan Adam da ilimi, kuma Ya rarraba arziki tsakanin bayinSa domin Ya jarrabi mai shi da marar shi. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi maza da mata, na Filinge da Shikal da Tukunus da Luma da Bonkuku da sauran garuruwan Dallol, da ku ƴan ƙasarmu mazauna Yamai da ƙasashen waje, muna yi muku wasiyya da mu kanmu da tsoron Allah. Abin da muke son mu tunatar da juna a wannan fitowa shi ne halin da ƴaƴanmu suke shiga bayan sun ci jarrabawar bak, alhali gidajensu ba su da ƙarfin kai su jami'a. Mun zaɓi wannan lokaci ne da gangan, domin kaka da buɗe makarantu kusan tare suke zuwa. Ranar da manomi yake ɗaure damman hatsinsa yana fitar da zakka, a ranar ce wani yaro yake zaune a zaure da takardar shaidarsa a hannu, bai san inda zai samu kuɗin mota ba.

HALIN DA AKE CIKI

Mu yi lissafi tukuna. Yaro yakan yi shekara 6 a ƙaramar lakkwal, ya yi 4 a kolej, ya yi 3 a lise, jimla shekara 13 ke nan idan bai maimaita aji ba. Idan ɗan ƙauye ne, tun yana ƙarami yake barin ɗakin uwarsa ya zauna hannun mai masauki a Filinge, yana ɗebo ruwa da safe kafin ya tafi aji, yana karatu da dare da hasken tocila. A duk waɗannan shekaru ubansa yana noma ba tare da hannunsa ba sai lokacin hutu, uwarsa kuma tana sayar da akuya ko kaji tana aika masa da abin sabulu. Sannan ga jarrabawar kanta: a 2021 da 2022 da 2023, waɗanda suka ci bak a duk faɗin Nijar ba su kai kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka zauna mata ba. Wanda ya tsallake wannan siraɗi daga gidan talaka, to, lalle ya nuna ƙoƙari da haƙuri da basira.

Amma daga nan ne wata wahalar take farawa. Tsakanin Filinge da Yamai akwai tafiyar kilomita wajen 180. Akwai kuɗin mota, da kuɗin haɗa takardu da hotuna, da kuɗin rajista, da wurin kwana, da abinci, da kuɗin buga darussa, da na zirga-zirga zuwa Haro Banda inda jami'a take. Ga ɗan ma'aikaci ko ɗan babban ɗan kasuwa, waɗannan ƙananan abubuwa ne. Ga maraya, ko ɗan wanda rumbunsa yake ƙarewa tun kafin ruwan farko, kowane ɗaya daga cikinsu katanga ce. Sai ka ga yaron da ya fi kowa maki a ajinsu ya ninke takardarsa ya sa ƙarƙashin akwati, ya kama hanyar ci-rani zuwa Kwatano ko Abijan ko Libiya. Yarinya kuma a ce ta zauna gida tukuna a gani, daga nan maganar ta mutu.

Kada kuma mu manta da fitinar da ta auka wa arewacinmu. A shekarun nan rashin tsaro ya rufe ɗaruruwan makarantu a jihar Tilaberi, ya kori iyalai da yawa daga yankunan Abala da Sanam da Banibangu, sun bar gonaki da dabbobi. A cikin ƴaƴan waɗannan bayin Allah akwai waɗanda suka daure suka ƙare lise a gidajen aro. Matashin da aka rufe wa ƙofar karatu, aka bar shi da ɓacin rai da hannu wofi, akwai masu jiran sa a daji da babur da kuɗi. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga.

TALLAFIN GWAMNATI DA IYAKARSA

Wani zai ce ai gwamnati tana ba da burs. Gaskiya ne, kuma ba mu raina shi ba. An kafa jami'ar Yamai a farkon shekarun 1970, aka sa mata sunan Abdu Mumuni a 1992. An buɗe Jami'ar Musulunci ta Sayi a 1986. A 2010 aka kafa jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2014 aka ƙara na Tilaberi da Doso da Agadas da Difa. Akwai kuma hukumar ANAB mai kula da burs da kuɗin taimakon ɗalibai. Yawancin likitoci da malamai da alƙalan da ƙasar nan ta samu bayan ƴancin kai na 1960 ƴaƴan manoma ne da makiyaya, kuma da dukiyar jama'a aka karantar da su.

Sai dai dole mu faɗi abu uku. Na farko, burs ya fi duba maki da shekarun ɗalibi, ba ya shiga gida ya duba rumbu. Ɗan ƙauyen da ya shiga lakkwal a makare, ko ya rasa shekara saboda an rufe makarantar garinsu, yana iya faɗuwa a wannan ma'auni ba da laifinsa ba. Na biyu, ko wanda aka ba burs, kuɗin ba ya zuwa ranar da ya sauka tasha, kuma jinkirin biya tsohuwar cuta ce da ta sha jawo yajin karatu. Watannin farko su ne suke karya talaka. Na uku, aljihun gwamnati yana cika yana raguwa. Manyanmu suna tune da ranar 9 ga Fabrairu 1990, lokacin da ɗalibai suka fito kan matakan tsuke bakin aljihu da suka shafi karatu, aka kashe 3 daga cikinsu a gadar Kenedi. Suna tune da Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi, littafi da magani suka yi tsada a dare ɗaya. Al'ummar da ta jingina makomar ƴaƴanta ga abu ɗaya tak, duk ranar da ya girgiza za ta faɗi tare da shi.

HUKUNCIN WANNAN ILIMI A SHARI'A

Malamai sun kasa ilimi kashi biyu. Akwai farilla ta kowa da kowa, wato sanin Allah da tsarki da salla da azumi da hukuncin duk abin da mutum zai shiga. Akwai kuma farillar da ake ɗauke wa juna, wadda idan wasu suka tsaya da ita sauran sun huta, idan kuwa aka rasa mai tsayawa da ita, laifi ya hau kan kowa. Imamu Gazali, a cikin Ihya'u Ulumiddin, ya sa likitanci da lissafi a wannan kashi na biyu, har ya yi kuka da garuruwan Musulmi na zamaninsa da ba su da likita Musulmi, alhali kowa ya ruga zuwa ga jayayyar fiƙihu. A cikin Suratut Tauba, aya ta 122, Allah Ya yi umurni da a fitar da wani yanki daga kowace jama'a domin su nemi fahimtar addini, su dawo su gargaɗi mutanensu. Hankali yana nuna cewa waɗanda suka zauna gida su ne za su riƙe waɗanda suka tafi.

Manzon Allah (SAW) bai taƙaita ga karatun ibada kaɗai ba. Bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da abin fansa amma sun iya rubutu, an sa kowannensu ya koya wa yaran Madina 10 rubutu ya fanshi kansa. Kuma ya umurci Zaidu ɗan Sabitu (RA) da ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙu yana rubuta amsa.

To, mu dubi ƙasarmu. Matanmu suna buƙatar ungozoma da likita mace. Garkunanmu suna buƙatar likitan dabbobi, ga shi kuwa a Tukunus ne ake da tashar kiwon shanun Azawak da aka sani har ƙasashen maƙwabta. Ruwa yana kusa a cikin Dallol, amma noman rani yana son wanda ya san ƙasa da iri da rijiya. Mun ga farin 1973 da na 1984, mun ga yunwar 2005. Madarsoshinmu, waɗanda asalinsu yake komawa ga ta Sayi da aka buɗe a 1957, suna buƙatar malamai masu shahada. Idan duk waɗannan farilla ce a kan al'umma, to, abin da farilla ba ta cika sai da shi, shi ma farilla ne. Riƙe ɗalibin da zai ɗauke mana wannan nauyi yana cikin sauke nauyin.

YADDA MAGABATA SUKA YI

A masallacin Madina akwai wata rumfa da ake kira Suffa, inda matalautan sahabbai suke zaune suna koyo, mutanen gari suna ciyar da su. Daga cikinsu ne Abu Huraira (RA) ya fito, wanda ya fi kowane sahabi ruwaito hadisi. Malaman tafsiri da yawa sun ce a kansu ne aya ta 273 ta Suratul Baƙara ta sauka, wadda ta siffanta mabuƙatan da suka tsare kansu ga tafarkin Allah, ba su roƙo da naci, har wanda bai san su ba yana zaton mawadata ne saboda kamun kai. Wannan siffa ta dace da ɗalibanmu da yawa. Yaro ya wanke rigarsa guda ya goge, ya gaishe ka da fara'a, alhali tun jiya garin rogo ne a cikinsa.

Tirmizi ya ruwaito daga Anas (RA) labarin ƴan'uwa biyu, ɗaya yana sana'a, ɗaya yana lizimtar majalisin Annabi (SAW). Mai sana'ar ya kai ƙarar ɗan'uwansa, sai Annabi (SAW) ya nuna masa cewa mai yiwuwa ne albarkacin wancan ne ake arzuta shi. Ya kai ɗan kasuwa, ya kai mai aiki a Yamai da kake jin nauyin ƙanenka ɗalibi, ka riƙe wannan hadisi da kyau.

Abu Yusuf ɗan talaka ne a Kufa, har talauci ya janye shi daga karatu. Da Imamu Abu Hanifa ya ga ba ya zuwa, sai ya neme shi, ya ba shi jaka mai dirhami 100, ya ce ya lizimci darasi, in ta ƙare ya sanar da shi. Haka ya ci gaba da riƙe shi. Wannan yaro shi ne ya zama alƙalin alƙalai a zamanin Haruna Rashid, ya rubuta Kitabul Kharaji a kan dukiyar baitulmali. Abin lura a nan shi ne malamin ne ya lura da gurbin da ya zama wofi, ya tashi ya nema. Bai jira yaron ya zo roƙo ba.

A nan kusa da mu ma akwai misali. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambata cewa mutanen Kanem sun ba da dukiya an gina makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya a Masar a cikin shekarun 640 na Hijira, wato ƙarni na 13 na Miladiyya, kuma sun riƙa aika mata da kuɗi. A Azhar ma an yi ɓangaren kwana da ciyarwa na ɗaliban Barno. Mutanen da suke ƙetare Sahara a kan raƙumi sun iya riƙe ɗalibansu a bakin kogin Nilu. Mu da muke aika kuɗi Yamai su isa kafin a ƙare shan shayi, wane uzuri gare mu?

SHIN ZAKKA TANA HALATTA GA ƊALIBI?

An sha yi mana wannan tambaya, ga amsa a taƙaice bisa mazhabar Imamu Malik. Allah Ya ƙayyade masu cin zakka kashi 8 a cikin Suratut Tauba, aya ta 60, kuma faƙirai da miskinai ne a farko. Ɗalibin da ba shi da abin da zai ishe shi, kuma babu mawadacin da ciyar da shi ya wajaba a kansa, yana shiga ta wannan ƙofa. Kada a ce ai ƙato ne mai lafiya, ya je ya yi dako. A cikin Mukhtasar na Shaihu Halil an halatta ba da zakka ga wanda yake da ikon yin sana'a, kuma an halatta a ba mabuƙaci abin da zai ishe shi shekara guda.

Sai dai a kiyaye sharuɗɗa huɗu. Na ɗaya, mutum ba ya ba da zakkarsa ga wanda ciyar da shi ya wajaba a kansa, amma ƙane da ɗan ɗan'uwa da ɗan maƙwabci sun halatta. Na biyu, zakka mallakawa ce. Idan an ba ɗalibi ta zama tasa, ba a mayar da ita bashi, ba a kuma gina ɗaki ko a sayi kujeru da ita. Na uku, asali a raba zakka a wurin da ta wajaba ko kusa da shi, saboda haka a damƙa wa yaron tun yana gida, ko a ba wakilinsa. Na huɗu, zakkar hatsi a fitar da ita hatsi. Idan ta shiga hannun ɗalibi, yana iya barin wani abu ga uwarsa, ya wakilta a sayar da saura.

Muna tunatarwa cewa hatsin da ruwan sama ya shayar, idan ya kai nisabi, ɗaya cikin 10 ake fitarwa, wanda aka shayar da wahala kuwa ɗaya cikin 20. Awaki da tumaki daga 40 ake fara fitar da guda, shanu daga 30, kuɗi da kayan ciniki kuma ɗaya cikin 40 bayan shekara ta kewayo. Da ana fitar da wannan yadda ya kamata a kasuwar Lahadi ta Filinge kaɗai, da hawaye da yawa sun bushe. Kuma ba muna cewa a hana gwauruwa da tsoho da naƙasasshe rabonsu ba. Cewa muke a sa ɗalibi matalauci cikin lissafi, domin an daɗe ana mantawa da shi.

SHAWARARMU: ASUSUN ƊALIBAI

Taimakon mutum ɗaya yana da lada, amma yakan yanke ranar da mai shi ya yi rashin lafiya ko ciniki ya tsaya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Buhari da Muslim sun ruwaito yabon da Annabi (SAW) ya yi wa Ash'ariyyawa, waɗanda idan abincinsu ya yi ƙaranci sai su tara abin da ya rage a mayafi guda su raba daidai. Mu ma mun gaji gayya da adashe, mun san bankin hatsi, mun kuma ga yadda Fulani suke ba ɗan'uwansu aron karsana ya riƙe har ta haifa masa, sannan ya mayar da uwar. Ba baƙon abu muke kira zuwa gare shi ba.

Muna ba da shawarar kowane babban masallaci, ko masallatan gari a haɗe, su kafa asusu mai aljihu biyu da ba a gauraya su. Aljihun farko na zakka ne, ana ba da shi kyauta ga mafi buƙata. Na biyu na sadaka da wakafi ne. Malikiyya sun halatta wakafin dabba, da wakafin kuɗi domin a riƙa ba da rance, har ma da wakafi na ƙayyadadden lokaci. Saboda haka mai gona yana iya tsayar da amfanin wani yanki nata na shekara 5, mai shago a Yamai ya tsayar da hayar ɗaki guda, mai garke ya tsayar da saniya. Daga wannan aljihu ne za a ba da rance marar ruwa, wanda ɗalibi zai mayar kaɗan-kaɗan bayan ya samu aiki, domin na bayansa ya amfana. Bankin Musulunci da ke Jidda ya bi irin wannan hanya tun 1983 ga ɗaliban al'ummomin Musulmi na ƙasashen da ba mambobinsa ba: ɗalibi yana mayar da kuɗin ne ga wani asusun wakafi na ƙasarsa. Kuma a rubuta kowane rance da shaidu, kamar yadda aya ta 282 ta Suratul Baƙara ta koyar.

Ga misali domin a ga abin ba ya fi ƙarfinmu ba. A ce mutum 500, na gida da na waje, kowa ya ɗauki alkawarin dala 100 a wata. A wata an tara jika 250, a shekara miliyan 3 na sefa. Idan aka ba kowane ɗalibi jika 25 a wata har wata 10, an riƙe ɗalibai 12. Dala 100 kuwa, da yawa daga cikinmu suna kashe fiye da haka a kuɗin waya kafin azahar.

AMANAR RABO

Tara kuɗi ya fi raba su sauƙi. Asusu da yawa sun mutu a ƙasar nan saboda son kai da rashin bayani, har mutane suka daina yarda. Allah Ya yi umurni a Suratun Nisa'i, aya ta 58, da a mayar da amana ga masu ita, kuma a yi hukunci da adalci. Don haka muna ganin a tsaya a kan waɗannan ƙa'idoji:

1. Buƙata ce ma'auni na farko, ƙoƙari na biye. A fara da maraya, da ɗan gudun hijira, da ɗan gidan da ba su da mai aiko musu da komai.

2. Kwamiti ya ƙunshi liman, da malamin lise ko madarsa wanda ya san yaran, da dattijuwa mace, da wakilin manoma da makiyaya, da mai riƙe littafi. Kuɗi ba su fita sai da sa hannun mutum biyu.

3. A je a bincika cikin sirri, kada a jira masu kawo kuka. Sau da yawa wanda ya fi buƙata shi ne ya fi jin kunya.

4. Idan ana maganar ɗan'uwan wani ɗan kwamiti, ya tashi ya fita har a gama.

5. Kada a tambayi yaro ko cikin Kurfayawa yake ko Zabarmawa ko Buzaye ko Fulani, ko wane ne kakansa, ko a wane masallaci ubansa yake salla, ko wa ya zaɓa.

6. A ware wa ƴan mata rabo sananne, a kuma nema musu masauki na aminci. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasarmu a 1754, ya yi kakkausan zargi ga malaman da suke barin matansu da ƴaƴansu mata cikin jahilci, kuma ɗiyarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin Ƴan Taru domin karantar da matan ƙauye.

7. Ɗan madarsa mai bak na Larabci, da mai son koyon aikin jinya ko noma ko gini, hakkinsu ɗaya da mai zuwa babbar jami'a.

8. A riƙa aika kuɗin wata-wata, ɗalibi kuma ya kawo sakamakonsa kowace shekara. Wanda ya faɗi sau ɗaya da uzuri, a yi masa haƙuri.

9. Sau biyu a shekara a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita bayan sallar Juma'a, ba tare da ambaton sunan wanda aka ba ba. Aya ta 264 ta Suratul Baƙara ta gargaɗe mu cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka.

AMSA GA MASU SHAKKA

Wani yana cewa: almajiran allo fa, ba su fi cancanta ba? Muna cewa duka ƴaƴanmu ne, kuma hakkin wannan ba ya kore hakkin wancan. Mahaddacin Alƙur'ani idan ya yi ciwo likita zai nema, likita kuma idan aka yi masa haihuwa ko rasuwa malam zai nema.

Wani yana cewa: jami'a tana lalata tarbiyya. Muna cewa yunwa da kaɗaici sun fi lalatawa. Yarinyar da ta san kuɗinta na zuwa ƙarshen wata daga masallacin garinsu, ta fi ƙarfin mai yaudara da mota. Yaron da ya san dattawan garinsu suna tambayar sakamakonsa yana jin kunyar ya bi ashararai.

Wani kuma yana cewa: ga masu digiri nan suna yawo babu aiki. Wannan gaskiya ce mai ɗaci, shi ya sa muka ce kwamiti ya riƙa ba yara shawara su nufi fannonin da ƙasar take ƙishirwarsu. Amma manomi ba ya ƙin shuka don bara an yi fari.

GARE KU ƊALIBAI

Ya ku ƴaƴanmu, abin da za a ba ku gumin tsohuwa ne mai sayar da ƙuli-ƙuli, da damin manomin da bai taɓa shiga aji ba. Wanda ya karɓa alhali gidansu da hali, ya sani ya ci hakkin maraya. Wanda ya karɓa ya tafi yana barci da yawon banza, ya ci amana. Ku tsare salla a kan lokacinta, ku zaɓi abokai, ku gyara niyya, domin neman ilimin da zai amfani Musulmi ibada ne. Idan Allah Ya ɗaukaka ku, kada ku ji ƙyamar a tura ku aiki ƙauye, kuma kada ku zama masu zuwa gida sai ranar jana'iza. Ku mayar da rance, ku ƙara da naku, ku kama hannun na baya.

KAMMALAWA

Ya ku ƴan'uwa, Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa aikin mutum yana yankewa da mutuwarsa sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, da ilimin da ake amfana da shi, da ɗa nagari mai yi masa addu'a. Wanda ya riƙe ɗalibi matalauci har ya ƙare, muna kyautata zaton ya samu rabo a dukkan ukun. Muna kira ga limamai su karanta wannan nasiha ga jama'arsu, ga sarakuna da masu gari su sa albarka, ga malaman lise da madarsa su rubuta sunayen yaran da suka ci bak bana amma har yanzu suna gida, su miƙa wa limamin unguwarsu kafin a rufe rajista. Wanda yake da dami ya kawo dami, mai tiya ya kawo tiya, wanda yake da ɗaki a Yamai ko Tilaberi ko Sayi ya buɗe ƙofarsa.

Ya Allah Ka sanya albarka a cikin abin da muka noma da abin da muke kiwo. Ya Allah Ka tsarkake dukiyarmu da zakka, Ka tsarkake zukatanmu daga rowa da riya. Ya Allah Ka buɗe wa ƴaƴanmu ƙofofin ilimi mai amfani, Ka tsare su daga fitina ta fili da ta ɓoye. Ya Allah Ka mayar da waɗanda aka kora daga garuruwansu gida lafiya, Ka zaunar da ƙasar Kurfai da Nijar da sauran ƙasashen Musulmi cikin aminci. Ka jiƙan iyayenmu da malamanmu, Ka sa mu cika da imani. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.